ABIN DA KE ƁOYE A CIKIN SAIWA

Jawabin da aka gabatar a zauren taron ƙungiya a Kontagora, Jihar Neja

 

Nauyin da aka ɗora mana yau shi ne mu yi bayani a kan maganin saiwa. Da wuya a sami gida ɗaya a cikin gidajenmu da ba a taɓa jiƙa wata saiwa an ba wani ya sha ba, ko don zazzaɓi, ko shawara, ko ciwon ciki, ko sanyin ƙashi. A cikin 'yan ƙungiyar nan ma akwai waɗanda da sana'ar suke ci da iyalinsu: 'yan magori, da wanzamai, da ungozomomi, da masu kasa kayan yaji a kasuwa. Saboda haka zancen ya shafi lafiyar 'ya'yanmu, ya kuma shafi abincin wasu daga cikinmu.

Maganarmu guda ɗaya ce, sai dai za mu juya ta ta fuskoki da dama. Saiwa tana aiki a jikin mutum ne domin akwai sinadari a cikinta, kuma sinadarin nan da yake warkarwa shi ne dai yake kisa idan aka wuce gwargwado. Wanda ya ce saiwa shirme ce bai san ta ba. Wanda kuma ya ce tunda daga daji ta fito ba ta cutarwa, to, shi ya fi na farkon haɗari.

DAJIN DA MUKA TARAR

Yawancinmu iyayenmu ko kakanninmu daga arewa suka gangaro, wasu daga ƙasar Sakkwato, wasu Katsina, wasu Kano ko Zazzau. Sun tarar da ƙasa wadda ta fi tasu ruwan sama da duhun itatuwa, sun kuma tarar da Kambari da Dukawa da Fulanin daji waɗanda suka san kowane ice da amfaninsa. Sanin da muke da shi yau gauraye ne na abin da aka zo da shi da abin da aka koya a nan, kuma ya kamata mu riƙa faɗin haka.

Turawa ma sun lura da arzikin dajin nan tun da wuri. 'Yan shekaru kaɗan bayan sun ci Kontagora a 1901, wani likitan gwamnati mai suna Dalziel ya bi dazuzzukan nan da na Zungeru da Sakkwato da Katagum yana tsinko tsirrai, yana tambayar mutane sunayensu, yana busarwa yana aikawa Ingila. A 1916 ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, a 1937 kuma ya fitar da babban littafi a kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Har yau masu bincike suna komawa ga littattafan nan. Jama'a, abin da ke cikinsu daga bakin kakanninmu da maƙwabtansu ya fito. Shi ya rubuta, mu ba mu rubuta ba.

ME YA SA SAI SAIWA?

Ice ba shi da ƙafar gudu. Saiwarsa tana cikin ƙasa dare da rana, tare da gara da tsutsa da funfuna, ga kuma ɓeraye da sauran masu tono. A cikin saiwar ne kuma yake ajiye abincin da zai rayu da shi idan rani ya yi, ko gobarar daji ta cinye ganyensa. To, dole ya tsare rumbunsa. Hanyar da Allah ya hore masa ita ce ya haɗa sinadarai masu ɗaci, ko masu yaji, ko masu ƙarfin wari, ya tara su a ɓawon saiwa don su kori maƙiyi ko su kashe shi. Wato dai makamin ice ne muke ara mu yi magani da shi. Duk wanda ya ari makami kuwa, wajibi ne ya san inda kaifinsa yake.

Wani abin lura kuma, yawan sinadarin ba ɗaya ba ne kullum. Saiwar tsohon ice daban da ta ƙaramin tsiro. Wadda aka haƙa da rani daban da ta damina, ta fadama daban da ta tudu. Yadda aka shanya ta, da daɗewar da ta yi a kasuwa, da yadda aka sarrafa ta, ko jiƙo ne ko dahuwa ko gari a kunu, duk suna sauya ƙarfinta. Shi ya sa za ka ga mutum biyu sun sha abu mai suna ɗaya, wani ya sami sauƙi, wani bai ji komai ba, wani ma a kwashe shi ranga-ranga.

JAR SAIWAR ƘASAR SIN

Bari mu ɗan fita waje mu ga yadda wasu suka yi da tasu saiwar, sannan mu dawo gida. A ƙasar Sin akwai wani tsiro da suke kira danshen, masana kuma suna ce masa Salvia miltiorrhiza. Dangin ɗoɗɗoya ne da na'ana'a da rizga, sai dai shi saiwarsa ake nema, ja ce wur. Kusan shekara 2,000 ke nan da aka rubuta shi a littattafan maganinsu, suna ba da shi ga masu ciwon ƙirji da matsalar gudanar jini.

A cikin shekarun 1930 masana a Japan suka fara tace saiwar don su ga me ke ciki. Suka ciro sinadaran da aka sa wa suna tanshinon, waɗanda su ne ke ba ta jan launin nan. Daga baya aka gano wani rukunin kuma da ake kira salbiyanolik. Abin sha'awa, na farkon a mai suke narkewa, ba su cika fita a ruwa ba, na biyun kuwa a ruwa suke fita. Ke nan wanda ya dafa saiwar ya sha romonta da wanda aka tace masa ita ta wata hanyar, ba abu ɗaya suka sha ba, ko da yake saiwa ɗaya ce.

Da sanin nan ya samu, sai abubuwa suka sauya. Aka koma noma tsiron a gonaki a lardunan Shandon da Sicuwan da sauransu, maimakon dogara ga na daji. Hukuma ta sa ƙa'idar yawan sinadarin da dole a samu a saiwa kafin a karɓe ta a matsayin magani. Ana yin ƙwayoyi da allurai da ita a asibitocinsu, ko da yake likitocin wasu ƙasashe suna neman ƙarin hujja a kan iyakar amfaninta. Har ila yau, binciken ya tono wani haɗari: idan mai shan warfarin, wato maganin tsinka jini da asibiti ke bai wa wasu masu ciwon zuciya, ya haɗa da wannan saiwa, jininsa yana iya tsinkewa fiye da kima ya yi ta zuba. An sami waɗanda hakan ya faru da su. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

UWAR MAGUNGUNA

To, mu dawo gida. Babu wanda bai san sanya ba, wadda saboda girmamawa ake kiranta uwar magunguna. Ƙaramin ice ne mai fure ruwan shuni-shuni. Duk wanda ya taɓa kankare ɗanyar saiwarta ya san ƙamshin nan mai shiga hanci, irin na man zafi da ake shafa wa mai targaɗe. Ba kama ce kawai ba. Sinadarin da ke ba ta ƙamshin, metil salisilat, shi ne dai ake sakawa a cikin yawancin man zafin da ke kantin magani, kuma ɗan'uwan asfirin ne na jini. Ashe kakanninmu da suke shafa ta ga mai ciwon gaɓoɓi ko su shaƙa wa mai ciwon kai, suna kan hanya.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Likitoci sun auna cewa ƙaramin cokalin shayi ɗaya na tataccen man wannan sinadari daidai yake da ƙwayar asfirin ta manya kamar 20 a lokaci guda, wanda ya isa ya kashe ƙaramin yaro. Ba muna cewa kowace saiwa tana ɗauke da wannan adadin ba ne. Abin da muke cewa, mai jiƙawa bai san nawa ne ya fita a cikin ƙwaryarsa ba. Bugu da ƙari, akwai wasu sinadaran masu kumfa a cikinta da suke ƙona hanji idan sun yi yawa. A wasu ƙasashen kudanci da tsakiyar Afirka an rubuta mutuwar mata da suka yi matsi da saiwar nan. Iyayenmu mata, ku gafarce mu da muka faɗi haka a bainar jama'a, amma gara a ji kunya a zaure da a yi zaman makoki.

Ƙarfin nan nata yana da wani amfanin da ya shafe mu a matsayinmu na manoma. A arewacin Gana manoma suna daka saiwar su cuɗa da hatsin da za su zuba a rumbu. Masu bincike daga Jami'ar Greenwich ta Ingila tare da abokan aikinsu na Gana sun gwada, suka tabbatar tana kora tana kuma kashe ƙwarin masara da na wake. Mu tsaya mu yi tunani: abin da ke kashe ƙwaro a rumbu, shi ne za a ɗura wa jinjiri ba awo?

FASAƘWARI DA AMOSANIN JINI

Misali na gaba mai faranta rai ne. Fasaƙwari da muke saye wurin masu kayan yaji, Yarabawa asuwaki suke yi da saiwarsa. A 1971 Farfesa Abayomi Sofowora na Jami'ar Ife da abokin aikinsa suka buga sakamakon wani gwaji da ya nuna cewa ruwan saiwar yana mai da ƙwayoyin jinin mai sikila, waɗanda suka lanƙwashe kamar lauje, su koma siffarsu a cikin kwalbar gwaji. Ba ƙaramin labari ba ne ga ƙasa irin tamu, wadda a 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haifa mata jarirai kimanin 150,000 masu amosanin jini a kowace shekara.

Mutanen Burkina Faso suka ɗauki zancen da muhimmanci. Masanansu suka bi saiwar har suka ware wasu sinadarai guda uku da suka raɗa wa suna burkinabin, don tunawa da ƙasarsu. Cibiyar bincikensu ta gwamnati ta haɗa ɓawon saiwar fasaƙwari da na tumfafiya, ta auna, ta zuba a kwanso, aka sa masa suna FACA, ana ba masu sikila don rage yawan tashin ciwon. Ku lura, tumfafiyar nan da kowa ya san ƙullunta guba ne, ita ce ta shiga magani da aka san awonta. Amma kada wani ya koma gida ya ce an ce a daka fasaƙwari da tumfafiya. Ba mu ce ba. Maganin ba ya raba mutum da sikila, kuma bai ɗauke wa kowa gwajin jini kafin aure ba.

TAFASHIYA DA TIRAMADOL

Na ƙarshe labari ne mai ban mamaki. A 2013 wasu masana daga Faransa da Kamaru suka sanar da duniya cewa sun sami tiramadol a cikin ɓawon saiwar tafashiya, icen nan na bakin rafi da muke jiƙawa don zazzaɓi da ciwon ciki. Tiramadol kuwa wani kamfani a Jamus ne ya ƙirƙiro shi a 1962. Jaridu suka ɗauka, ana cewa ashe ice ya riga Bature.

Ruwa ba ya tsami banza. A 2014 wata tawagar daga Jami'ar Dortmund ta Jamus, su ma tare da 'yan Kamaru, suka sake bin sawu. Suka ga ana samun ƙwayar a saiwoyin arewa mai nisa ta Kamaru, amma babu ita a na kudu. A arewar ma har a cikin ƙasa da ruwa da saiwoyin wasu itatuwan daban sun same ta. Da suka tambayi mutanen ƙauyukan, sai aka gaya musu cewa manoma suna sha don su jure aiki, suna kuma bai wa shanun huɗa. Dabba ta kwanta a inuwa ta yi fitsari, saiwa ta tsotsa. Masanan farko ba su sallama nan take ba, amma a 2016 wani gwaji da ke bambance abin da tsiro ya haɗa da abin da aka yi daga man fetur ya nuna cewa wanda ke cikin ƙasar na masana'anta ne.

Darasi biyu ke nan. Na ɗaya, kada mu yi saurin gaskata duk abin da aka ce “bincike ya nuna” sai wasu sun sake gwadawa. Na biyu, saiwa tana shan abin da ke cikin ƙasar da ta tsiro. A ƙasar nan tamu ta Kontagora da Mariga da Magama da Mashegu, kowa ya san yawan maganin feshi da ake zubawa a gonaki kowace damina. Ba mu manta ba kuma, a 2015 gubar dalma daga wuraren haƙar zinariya ta kashe yara 28 a ƙaramar hukumar Rafi, nan kusa da mu. Saiwar da aka haƙo a gefen gonar da aka yi wa feshi, ko bakin kwata, ko inda ake wankin zinariya, ba mu san me ta kwaso ba.

TO, INA MAFITA?

Ga 'yan shawarwari, kuma babu wadda ta fi ƙarfinmu.

Da farko, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan mun je asibiti, mu gaya wa likita abin da muke sha a gida, da sunansa. Ku tuna jar saiwar Sin da warfarin. Sanya ma dangin asfirin ke cikinta, don haka mai gyambon ciki, da mai shan maganin tsinka jini, da mai ciwon ƙoda, su yi nesa da shanta. Likitocinmu da ke cikin ƙungiyar nan kuma muna roƙonku, ku daina yi wa majiyyaci tsawa idan ya ce ya sha jiƙo. Tsawar ce ke sa ya ɓoye.

Na biyu, mace mai ciki da jinjiri ba wurin gwaji ba ne. Yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi a duba jininsa tukuna. Mai shawara ma haka, domin idon da ya yi rawaya yana iya zama ciwon hanta, kuma kasancewar saiwar rawaya launinsu ɗaya da ciwon ba hujja ba ce.

Na uku, ga 'yan'uwanmu masu sana'ar. Ku sayar da saiwa da sunanta, a yadda mai saye zai gane ta, ku rage haɗa iri goma a gora ɗaya, domin in an sami matsala ba a san mai laifi ba. Ku tsayar da awo ɗaya, ku kuma san inda aka haƙo kayanku. Mai son ya zuba a kwalba ya sayar, hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana da hanyar rajistar maganin gargajiya. Mu kuma masu saye mu sani, lambar da ke jikin irin wannan kwalba tana nufin an duba ba a ga cutarwa ba, ba shaida ba ce cewa yana warkar da duk cututtukan da ake shela da lasifika.

Na huɗu, mu tausaya wa dajin. Mai tsinkar ganye ya bar ice da ransa, mai tumɓuke saiwa kuwa ya kashe shi. Sanya ba ta saurin girma, kuma tana da wuyar dashe, har a Afirka ta Kudu doka ta sa ta cikin itatuwan da aka hana taɓawa sai da izini. A nan ga masu gawayi, ga faɗaɗa gonaki, ga mu masu haƙa. Tsofaffin masu magani suna da ladabin da ya kamata a dawo da shi: a ɗebi saiwar gefe ɗaya, a bar uwar da ta nutsa ƙasa, a mai da ƙasa a rufe ramin, kada a koma wa icen sai ya farfaɗo. Wanda ya tarar da ita a gonarsa ya kewaye ta da garma ya bar ta.

Na biyar, mu rubuta. Muna da 'ya'ya a Jami'ar Ilimi ta Tarayya da ke nan Kontagora, da Jami'ar Fasaha ta Minna, da Ahmadu Bello ta Zariya inda ake koyar da ilimin haɗa magunguna. A Idu ta Abuja kuma akwai cibiyar binciken magunguna ta ƙasa, wadda aikinta ke nan. Muna ba shugabanni shawara a kafa ɗan kwamiti da zai zauna da dattawanmu masu sani, da yardarsu, a rubuta sunan kowace saiwa da Hausa da Kambarci da Dukanci da Fulatanci, da inda take fitowa, da yadda ake ba da ita, da wanda ba a ba shi. A rubuta sunan mai ilimin a jikin iliminsa, don in wata rana abin ya zama kuɗi a san mai haƙƙi. Ɗalibin da ke neman abin da zai yi bincike a kai, ga shi nan a ƙofar gidansu.

Dattawan nan da suka san saiwa tun tana ɗanya ba su da yawa yanzu, kuma kowace shekara raguwa suke yi, kamar yadda itatuwan suke raguwa. Idan muka yi jinkiri, jikokinmu sai dai su nemi sunan sanya a littafin Dalziel.

Mai girma shugaba, a nan za mu dakata don a sami lokacin tambayoyi, musamman daga iyayenmu masu sana'ar, waɗanda suka fi mu sanin dajin. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya mai da kowa gidansa lafiya.